Tururuwar Katako a Gidajen Legas: Tambayoyi da Amsoshi

Da damina ta kankama a Legas, wajen watan Mayu zuwa Yuli, sai ka ji koke iri ɗaya a majalisun 'yan Arewa tun daga Agege har Idi-Araba: wasu manyan tururuwa sun cika kicin da daddare, ga wani gari-gari yana zubowa daga silin, an share da safe, da yamma ya dawo. Wani ya ce gara ce, wani ya ce a kawo fiya-fiya kawai. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda aka fi maimaitawa, kuma kusan dukkan amsoshinsu a wuri ɗaya suke komawa, wato ga ruwan da ya jiƙa katakon gidan tun kafin tururuwar ta san da shi.

Wace ce ma tururuwar katako? Daban take da tururuwar da muka sani?

Daban take. Masana ƙwari suna kiran danginta Camponotus, kuma dangi ne babba, ya haura nau'i dubu a duniya. Ta fi kiyashi girma nesa ba kusa ba. Ma'aikatanta sukan kai tsawon milimita 6 zuwa 12, sarauniyar kuwa ta fi haka. Abin da zai fara ja maka hankali shi ne a layi ɗaya za ka ga ƙanana da matsakaita da wasu masu ƙaton kai, duk 'yan gida ɗaya ne. Akwai baƙaƙe wuluk, akwai masu ruwan ƙasa, akwai kuma wata mai ruwan zuma da ɗige-ɗige a ciki wadda ta yawaita a Afirka, ita ce ke faɗawa cikin kofin shayin da aka manta a kan tebur.

Da dare take harkarta. In ka kunna fitilar kicin ƙarfe goma sha ɗaya ka ga manyan tururuwa suna ta gudu da dogayen ƙafafu a kan kanta, alhali da rana ko ɗaya ba ka gani, to akwai yiwuwar ita ce.

Kada a haɗa ta da kwarkwasa, mai tafiya rundunarta guda ta wuce, ko jajayen nan na kan bishiyar mangwaro masu ɗinke ganye su yi sheƙa. Waɗannan ba ruwansu da raftar gidanka.

Da gaske cin katako take yi?

A'a, kuma a nan mutane da yawa ke yin kuskure. Gara ce ke cin katako, don cikinta na iya narkar da shi. Tururuwar katako sassaƙa shi take yi kawai ta gina ɗakuna da hanyoyi, ta kwaso abin da ta sassaƙa ta watsar waje. Abincinta zaƙi ne da nama: sukari, zuma, matattun ƙwari, ɓarɓashin kifi, da wani ruwa mai zaƙi da ƙananan ƙwarin ganye ke fitarwa a jikin shuke-shuke. Shi ya sa za ka ga tana hawa da sauka a bishiyar gwaba ko lemo da ke tsakar gida kamar mai zuwa kiwo, kuma kusan kiwon ne, don har gadin waɗannan ƙwarin take yi.

To yaya zan bambance ta da gara? Malam, ni duk ɗaya nake ganinsu.

Ka kama guda ɗaya ka ɗora a kan farar takarda. Tururuwa tana da siririn ƙugu, kamar an ɗaure ta da zare a tsakiya, ƙahonnin kanta kuma a lanƙwashe suke kamar gwiwar hannu. Gara ba ta da ƙugu, jikinta a miƙe yake, fari-fari mai taushi, ƙahonninta a tsaye. Tururuwa tana yawo a fili ba kunya. Gara ba ta son iska ta taɓa ta, sai ta yi wa kanta rufaffiyar hanya ta laka a jikin bango.

In ba ka samu ƙwaron ba, aikinsa zai tona masa asiri. Ka ɓalle katakon da ya lalace ka duba ciki. Ramin tururuwa fes yake, sumul kamar kafinta ya goge shi da sanfefa, babu ƙasa ko kaɗan. Ramin gara cike yake da laka da datti. Sannan ka duba abin da ke zubowa ƙasa. Na tururuwa kamar dusar katako yake, mai ɗan kauri, kuma in ka baza shi da yatsa za ka ga ƙafafun ƙwari da kawunan matattun tururuwa a ciki, don juji ne guda, komai nan suke zubarwa.

Akwai na uku da ake yawan ɗora wa tururuwa laifinsa. In garin laushi ne da shi kamar fulawa, kuma katakon na da ƙananan huji zagayayyu kamar an soka allura, wannan wani ƙwaro ne mai huda katako, wanda ya fi damun kujeru da gadajen da aka yi da farin katako mai taushi. Maganinsa daban.

Wanne ya fi ɓarna?

Gara, ba ko tantama. Gara na iya cinye firam ɗin ƙofa ta bar maka fenti kawai a tsaye. Ɓarnar tururuwa a hankali take tafiya, sai an yi shekaru ana ƙyale ta kafin rafta ta yi rauni. In aka duba aka ce maka tururuwa ce, ka gode wa Allah, amma kada ka koma barci, don samunta a cikin katako sau da yawa na nufin akwai katakon da ya daɗe yana shan ruwa a gidan.

Na ga manyan tururuwa uku ko huɗu a ɗaki. Ke nan sun yi gida a silin?

Ba lallai ba ne. Da yawa daga irin wannan dangi da ke ƙasashenmu a ƙasa suke gida, ƙarƙashin dutse ko tarin bulo ko gindin tsohuwar bishiya, su shigo ɗaki neman abinci su koma. Suna iya yin tafiyar da ta kusa mita 100 daga gidansu. Abin da ke nuna suna cikin ginin shi ne haɗuwar alamu: kana ganinsu kullum, dusar katako na taruwa a wuri ɗaya bayan ka share, kuma in dare ya yi tsit ka kara kunne a bangon falanki ko ƙofa sai ka ji wani ɗan ƙaras-ƙaras kamar ana murza busasshiyar leda. Lokacin da aka ɗauke wuta kuma maƙwabta ba su tada janareta ba tukuna, shi ne lokacin sauraro, in ka dace da irin wannan daren a Legas.

Me ya sa a Kano ko Sakkwato ban taɓa fama da wannan ba sai da na zo Ikko?

Ruwa ba ya tsami banza. A Arewa katako na samun watanni shida ko bakwai yana bushewa, hunturu ya tsotse duk wata laima da ke jikinsa. Legas kuwa ruwan da ke sauka a shekara ya haura milimita 1,500, damina kusan biyu ce, ta farko daga Afrilu zuwa Yuli, a ɗan sarara a Agusta, a sake dawowa Satumba da Oktoba. Ga teku, ga ƙorama, iska kanta a jiƙe take. Katakon da ya jiƙe a watan Yuni yana iya kai wa Nuwamba bai bushe ba. Da danshin cikinsa ya wuce kashi 20 cikin ɗari na tsawon lokaci, sai ruɓa ta fara, ya yi taushi, kuma irin wannan ne sarauniyar tururuwa ke nema ta kafa gida, don ƙwayayenta ba sa rayuwa a busasshen wuri. Hausawa sun riga sun faɗa: sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Sai kuma irin katakon da ake aiki da shi. Loko da maɗaci suna da jimiri, amma tsadarsu ta sa yawancin masu gidajen haya ba sa ko tambayarsu. Abin da ake ɗaukowa daga kasuwannin falanki irin na Mushin sau da yawa ɗanye ne, jiya aka tsaga shi, yau aka buga shi a rufi, ba a jira ya bushe ba, ba a shafa masa magani ba. Ni a ganina rabin matsalar tun ranar ɗora rufi aka saye ta. Araha ba ta ado.

A ina zan nemi gidansu?

Ka bi ruwa, za ka same su. Fara da ƙarƙashin wurin wanke-wanke a kicin, inda bututu ke ɗiga a kan falankin kabad. Duba ƙasan firam ɗin ƙofar banɗaki, wanda kullum yake cikin ruwan wanka. Duba firam ɗin taga ta ɓangaren da ruwan sama ke bugowa, da katakon bakin rufi inda indararo ya toshe, da bayan durowar kaya da aka manna da bango mai rima, da inda na'urar sanyaya ɗaki ke zubar da ruwa. In silin ya yi tabo ruwan ƙasa, akwai yoyo a samansa. Silin na roba da na filasta da ake yayi yanzu suna da kyau a ido, amma suna ɓoye abin da ke faruwa da katakon da ke riƙe da su, sai ranar da abu ya rufto.

Ka ɗauki sukudireba ka riƙa ƙwanƙwasa katako da ƙotarta. Lafiyayye zai amsa da ƙarfi, wanda aka rarake zai yi ƙara kamar ganga, kuma bakin sukudirebar zai nutse in ka danna.

Dabarar da ta fi kowacce ita ce ka sa su kai ka da kansu. Bayan sallar isha'i ka ɗiga zuma ko ruwan sukari a murfin kwalba inda ka saba ganinsu, ka koma gefe da tocila. Kada ka kashe ko ɗaya. Wadda ta sha ta ƙoshi za ta juya ta nufi gida, kai kuma ka bi ta a hankali. Wani lokaci za ta kai ka ga tsagar bango, wani lokaci ta fita ta taga ta bi wayar lantarki ko reshen da ke taɓa kwano.

A nan akwai abin da ya kamata a sani. Gidansu sau da yawa ba ɗaya ba ne. Akwai babban gida inda sarauniya da ƙwayaye suke, wanda dole ya kasance a wuri mai danshi, galibi a waje, cikin kututture ko tarin tsofaffin falankan da aka jingine a bayan gida. Sannan akwai rassa, inda ma'aikata ke kwaso manyan 'ya'ya su ajiye, kuma reshe na iya zama a busasshen wuri, cikin ƙofa mai rami a tsakiya ko kwalin da aka manta a saman durowa. Wanda ya tarwatsa reshe ya bar babban gida ya kashe maciji ne bai sare kansa ba.

Bayan ruwan sama masu fiffike sun cika mana ɗaki. Shinge ne?

Ka duba fukafukan. Na shinge guda huɗu ne masu tsawo ɗaya, sun zarce jikinsa sosai, kuma da ya taɓa ƙasa sai su zube. Na tururuwa, biyun gaba sun fi na baya tsawo, ga ƙugun nan siriri. Mun saba cewa in tururuwa ta tashi lalacewa fiffike take yi, kuma ga mazan haka abin yake, bayan barbara mutuwa suke. Matan kuwa su karya fukafukansu su nemi lungu mai laima, kowace ta zama sarauniyar sabon gida.

In daga waje suka biyo hasken ƙwan lantarki, rufe taga ya isa. In kuwa tagogi a rufe suke kuma ka ga suna fitowa daga silin ko tsagar firam, to gidan da ke ciki ya manyanta, don sai gida ya shekara da shekaru yake fitar da masu fiffike.

Tana cizo? Ina da yara ƙanana.

Hajiya, ba ta da ƙari irin na kunama ko rina, amma manyan suna cizo in an matsa musu, kuma suna fesa wani ruwa mai tsami a wurin da ke sa raɗaɗi. A wanke da sabulu da ruwa, zafin zai wuce. In wuri ya kumbura sosai ko yaro ya fara wahalar numfashi, a tafi asibiti nan take. Gaskiya dai maganin da ake fesawa barkatai ya fi tururuwar haɗari ga yara.

Me ya hana in fesa fiya-fiya ko Sniper in huta?

Na farko, ba za ka huta ba. Waɗanda ke yawo a kicin 'yan kaɗan ne daga cikin jama'ar gidan. Ka kashe su yau, sarauniya na can tana zuba ƙwai, bayan sati biyu wasu su fito. Wani lokaci ma feshin na sa su canza hanya ko su ƙaura da 'ya'yansu zuwa wani lungun, ka rasa inda za ka bi su.

Na biyu, wannan guba ce ta gona, ba a yi ta don ɗakin kwana ba. Tun a 2019 hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da ƙananan kwalaben Sniper saboda rayukan da ake asara. A gidajen nan masu ɗakuna fuska da fuska, inda silin ɗaya ne ya ratsa ɗakuna goma, abin da ka fesa a naka yana shiga na maƙwabcinka mai jariri. Wanda ya fi wannan muni shi ne ƙwayar maganin da ake sakawa a buhunan wake da masara a rumbu. Tana fitar da iska mai kisa da zarar ta ji danshi, kuma ta hallaka iyalai a cikin barcinsu. Kada a kusanto da ita ɗakin da mutum ke kwana, ko da wa ya ba da shawarar. Kananzir da fetur kuma, a rufin katako mai wayoyin lantarki, neman gobara ne.

To mene ne ke aiki?

Guba mai jinkiri a cikin abinci, wadda ma'aikata za su sha su kai gida. Tururuwa tana ajiye abin da ta sha a cikinta ta amayar wa 'yan'uwanta baki da baki har ya kai ga sarauniya, wannan ɗabi'ar ce ake amfani da ita a kanta. Ana samun irin wannan magani a shagunan kayan feshi, mai kama da man goge baki a sirinji. A duba lambar rajistar NAFDAC a jiki kuma a bi abin da aka rubuta.

Ana kuma haɗawa a gida da garin borik asid. Ƙaramin cokalin shayi ɗaya, shafe ba tuli ba, a cikin ruwa rabin lita, wato leda ɗaya ta fiya-wata, da babban cokali takwas na sukari. A jiƙa auduga a ciki, a saka a ƙaramar roba mai murfi da aka huda gefenta, a ajiye kan hanyarsu inda yaro ko kyanwa ba za su kai ba. A rubuta a jikin kwalbar abin da ke ciki, kuma kada a zuba shi a gorar lemo. Kada zumuɗi ya sa a ƙara garin, don in ya yi ƙarfi za su mutu a hanya ko su ƙi sha. Kwanakin farko za ka ga sun ƙaru, har ka ce abin ya ɓaci. Ka daure, kada ka fesa komai a kusa. A riƙa sabunta audugar duk bayan kwana biyu ko uku, a yi haƙurin sati uku zuwa shida. In suka yi biris da zaƙi, lokacin da suke neman nama ne don ciyar da 'ya'ya, sai a gauraya ɗan maganin da man kifin gwangwani. Sannan a rufe sukari da madara, a wanke kwanuka kafin a kwanta, don kada tarkonka ya yi gasa da tukunyar miya.

In ka gano gidan da idonka kuma hannu na kaiwa, cire ruɓaɓɓen katakon gaba ɗaya ka fitar da shi daga harabar gidan. Amma duk wannan rabin aiki ne in ba a toshe yoyon ba. A gyara kwano, a kira mai gyaran famfo, a buɗe indararo, a sare reshen da ke taɓa rufi, a kwashe tarin falanki daga jikin bango, a cike tsagar da wayoyi da bututu ke shigowa. Sabon katakon da za a sa ya zama busasshe, a shafe shi da maganin katako irin su Solignum tun yana ƙasa, a bar shi ya sha iska kafin a buga.

Malam, na ji an hana kashe tururuwa a addini. Ya za mu yi?

Tambaya ce mai kyau, kuma ba a banza ake yin ta ba. Tururuwa tana da sura guda da sunanta a Alƙur'ani, Suratun Namli, kuma akwai hadisin Ibn Abbas da ya ambace ta cikin halittu huɗu da aka hana kashewa, tare da ƙudan zuma da alhudahuda. Abin da malamai suka bayyana shi ne hanin ya shafi wadda ba ta cutarwa. Wadda ke ɓata abinci ko gini ko cizon mutane, kuma ba a iya kawar da ita ta wata hanya, an halatta a kashe ta gwargwadon buƙata. Ƙonawa da wuta kuwa an yi hani da shi ƙarara. Saboda haka wadda ke gidanta can a gindin bishiya ba ta shigo maka ba, ka ƙyale ta, ka toshe ƙofofinka. Mai son ƙarin bayani ya tuntuɓi limamin unguwarsu.

Ni ɗan haya ne. Ni zan biya ko mai gida?

Fara da takardar yarjejeniyarku. Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta ɗora wa mai gida gyaran wajen gini da wuraren da kowa ke amfani da su, ɗan haya kuma kula da cikin inda yake zaune, sai dai in yarjejeniya ta faɗi wani abu daban. Yoyon rufi da ruɓaɓɓiyar rafta a al'ada na mai gida ne, tsabtar kicin da kuɗin ɗan magani naka ne. Ka ɗauki hoton dusar katakon da tabon silin, ka tura wa mai kula da gidan ta WhatsApp don ya zama akwai shaida da kwanan wata. Kada ka ɓalle silin da kanka ba da izini ba, ranar tashi da kai za a yi lissafinsa. In gidan na mutane da yawa ne, ku haɗa kai ku sa maganin a mako ɗaya, don tururuwa ba ta san iyakar ɗakin kowa ba.

Yaushe zan kira mai feshi, kuma yaya zan gane na ƙwarai?

In wata biyu ya wuce ba sauƙi, ko gidan nasu na can cikin rufi inda ba ka iya hawa, ko katakon da ke ɗauke da nauyi ya fara lanƙwasa. A wannan na ƙarshen kafinta za ka fara kira.

Na ƙwarai zai nemi tsani da tocila kafin ya yi maganar kuɗi. Zai tambaye ka inda ruwa ke shiga, ya gaya maka sunan maganin da zai yi aiki da shi, ya nuna maka kwalbarsa ta asali, ya faɗi awa nawa za ku yi a waje da abin da za a rufe ko a fitar, kuma ya yarda zai dawo dubawa. Wanda ya zo da ruwa marar suna a jarka ya ce komai da komai yake kashewa, ka ba shi kuɗin mota ya koma.

Yaya zan san sun ƙare?

Share dusar tas, ka shimfiɗa farar takarda ko tsohon kwali a wurin. Ka riƙa ɗiga zuma zalla a murfin kwalba sau ɗaya a mako da daddare. In sati uku suka wuce takardar na nan fes, zumar kuma ba mai taɓa ta sai kiyashi, to wannan gidan ya mutu. Ka sake gwadawa bayan ruwan farko na watan Afrilu, ka kuma sa a leƙa cikin rufin ana tsakiyar ruwa, don a lokacin ne kawai ake ganin inda kwano ke ɗiga.